Baƙon Taguwar Ƙarshe

Rana ta gama gasa kwanukan unguwar masu raƙuma, can hayin kogi daga garin Cloncurry, ta yi ja tana neman ɓuya bayan duwatsu. Ƙudaje sun fara lafawa. Mirdad yana zaune a bakin ƙofarsa, buta cike da ruwa a gefensa, amma bai taɓa ta ba. Jirgin ƙasa na yamma yake jira ya wuce ya zage shi tukuna, sannan ya yi alwala. Tun da aka kai dogo har bakin ramin tagulla ba shi da wata sana'a da ta wuce wannan, kuma a gaskiya yana yin ta da ƙwazo.

Daga ciki matarsa Maud, Baturiya, tana gasa gurasar capati a kasko, 'yarsu Zarmina tana mulmula mata ƙullin.

"Mir, zo ka ci tun da zafi," in ji Maud. "Jirgin nan ko ka zage shi ko ka sa masa albarka, sai ya wuce."

"Ke ma wa ya kashe wa ubanki sana'arsa ta amalanken shanu? Ba wannan baƙin jakin ba?"

"Shi ya haƙura ya buɗe shago. Kai kuwa ka buɗe baki."

Zarmina ta ƙyalƙyale da dariya. Daga ranar nan, an daɗe ba a sake jin dariyarta a gidan ba.

Jirgin ya ɓullo yana huci, taragu na bin sa cike da dutsen tagulla, kore-kore da shuɗi-shuɗi. Mirdad ya miƙe, ya ɗaga sandarsa ta korar raƙuma, ya zage shi da harshen ƙasarsu ta asali da suka baro can hayin teku, ya zage shi da Turanci, ya haɗa da wanda ya ƙera shi da wanda ya shimfiɗa masa hanya. Jirgi ya yi usur ya wuce abinsa. Sai unguwa ta yi tsit, irin shirun da yakan sauka tsakanin faɗuwar rana da kiran salla.

A cikin shirun nan dutse na farko ya faɗo kan rufi. Ya gangaro a hankali ta kan kwano, ya faɗi gaban ƙafar Mirdad. Ya sunkuya ya ɗauka. Koren dutsen tagulla ne, da ɗumi a jikinsa kamar yanzu aka cire shi daga buhun da ya wuni a bayan dabba. Kafin ya ɗago, na biyu ya sauka, na uku ya biyo, sai ruwan duwatsu.

"'Ya'yan leburorin dogo ne!" Ya zagaya bayan gida da sanda. "Ku fito, tsinannu! Kun cinye mini abinci, yanzu kuma rufina kuke so?"

Babu kowa. Fili ne fetal har bakin kogi, ko kare babu inda zai laɓe. Yana tsaye yana haki sai ya ji ƙararrawar da ya rataye a ƙofar gida tana kaɗawa, alhali ko ganye ba ya motsi. Ba kaɗawar iska ba ce. A hankali take bugawa, ɗaya bayan ɗaya, daidai takun raƙumi mai tafiya. 

Da ya shiga ciki ya tarar da capati yana ƙonewa, Maud ta dafe bango. Zarmina tana tsaye a tsakar ɗaki, bayanta ya ranƙwafa, wuyanta ya miƙe gaba, idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Sai ta ɗaga ƙafa, ta fita, ta fara zagaya gidan.

Wanda bai ga unguwarmu a da ba, ba zai gane fushin Mirdad ba. Lokacin da aka fara haƙar tagulla a tsaunukan nan babu hanya, babu ruwa, dawakai suna mutuwa a tsaye. Raƙumanmu ne suka fito da dutsen, buhu biyu-biyu, suka koma da gari da sukari da katako. Da aka shimfiɗa ɗan siririn dogo daga bakin rami zuwa gindin tsauni, ƙananan dawakai na jan akwatuna a kai, dariya muka yi. Da jirgi mai hayaƙi ya iso rabin hanya, tafiyarmu ta ragu rabi, dariyar ma ta ragu. Sannan wata safiya Mirdad ya isa bakin rami da ayarinsa, ya tarar da taragu a jere ana zuba musu dutse ta wani kwararo na ƙarfe. Manaja bai ko fito ba. Wani akawu ne ya leƙo ta taga ya ce babu kaya, ya rufe tagar. Mutumin da ya yi furfura a kan hanyar nan, ko sannu ba a ce masa ba.

Mirdad kuwa yana da wata al'ada da ya gada wurin mahaifinsa. Taguwar ƙarshe a ayarinsa ba ta ɗaukar kaya. Sirdi kawai ake ɗaura mata da ƙararrawa, a ce ta baƙo ce, domin mutanen ɓoye ma suna tafiya, kuma in ka ba su wurin zama ba sa taɓa maka dabba. In an iso zango sai madugu ya je da kansa ya ce mata "Hushta!" ta gurfana, sannan ya ce, "Sauka, baƙo, mun iso." Zarmina tun tana ƙarama takan ruga ta tari ayari don a faɗi kalmar tare da ita.

A ranar da aka rufe masa taga, Mirdad bai koma zango ba. Zuciya ta ciyo shi. A tsakiyar daji ya yanke akala, ya zubar da sirada, ya bi raƙuman da sanda yana kuka yana zagi har suka watse. Ƙararrawa kaɗai ya tsinke ya dawo da ita, ya kuma rantse ƙafarsa ba za ta taɓa taka jirgi ba har ya mutu.

Kwanaki suka shuɗe, Zarmina ba ta zauna ba. Wannan shi ne abin da ya fi tayar da hankali. Da rana tana tsaye a gindin bango, in an ɗura mata ruwa ta haɗiye. Da jirgin yamma ya wuce, duwatsu su sauko, ƙararrawa ta kama bugawa, ita kuma ta kama zagaye. Maza biyu suka gwada zaunar da ita, gwiwarta ta ƙi lanƙwasuwa. Likita ya zo ya ba ta maganin barci, ta yi barcin a tsaye. Ƙafafunta suka kumbura suka tsage, sawunta a ƙasa yana nitsewa fiye da na ƙaton namiji. Da Maud ta ɗaga mata riga, sai ga miki biyu a kafaɗunta, irin wanda sirdi yake yi wa dabbar da aka daɗe ba a sauke wa kaya ba. Kowa a unguwar ya san in aka ci gaba a haka, yarinyar a tsaye za ta mutu.

Mirdad ya ga mikin, ya kau da kai. Ya ce masu dogo ne suka fasa tsaunuka da nakiya suka taso da aljanu. Ya je tasha ya yi ta ihu har aka fitar da shi.

"Ka kira liman, Mulla Sahib," in ji Maud.

"Wanda ya hau jirgi ya je garin Townsville ya dawo yana yaba kujera? Ko gaisuwa ba na yi da shi."

"To zauna ka rungumi rantsuwarka." Ta jawo hularta za ta je ta kira shi da kanta. "'Yata tana ruɓewa a tsaye, kai kana gaba da tukunyar ƙarfe. Wallahi, Mir, in ta mutu kai ma ba za ka sake zama a gidan nan ba."

Mulla Khudadad ya iso gab da magariba, tsoho siriri mai jan gemu na lalle. Bai kalli Mirdad ba. Ya sa aka shimfiɗa darduma a tsakar gida, ya zauna, ya jira jirgi ya wuce. Da duwatsu suka fara sauka ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Zarmina ta zagayo ta wuce shi, ta sake zagayowa. Yana cikin Ayatul Kursiyyu ta tsaya cak a gabansa. Ƙararrawa ta yi shiru.

"Wane ne kai?" in ji Mulla. "Da sunan wanda ya halicce ni ya halicce ka, yi magana."

Bakin yarinyar ya buɗe. Muryar da ta fito ta tsoho ce, busasshiya, kuma da tsohon harshen ƙasarsu take magana, wanda Zarmina ba ta iya ba sai 'yan kalmomi.

"Rage murya, Mulla. Na sha yin salla a bayanka a zango. Ba da kai nake ba. Ina madugu?"

Mirdad ya matso, sanda a hannu. "Ga ni. In masu dogo ne suka rushe maka gida, ga tasha can. Me 'yata ta yi maka?"

"Masu dogo!" Muryar ta yi wata dariya mara daɗi. "Kullum masu dogo. Na gaji da jin zaginka, Mirdad. Kana kuka an rufe maka taga ba a ce maka sannu ba. Ni fa? Tun kana saurayi nake bayan ayarinka. Wa ya kori macizai daga zangonka? Wa ya kaɗa ƙararrawa ranar da akala ta tsinke kana gyangyaɗi? Kai ka ɗora ni a wannan tafiyar da bakinka. Ka sauke ni?"

Sandar ta suɓuce daga hannun Mirdad.

"Ka doki taguwar ta shiga daji da ni a bayanta," in ji muryar, tana ƙara kaushi. "Baƙo ba ya sauka sai mai masauki ya ce ya sauka, ka sani, ubanka ya gaya maka. Taguwar nan ta yi ta yawo da ni, ba ta gurfana ba ko sau ɗaya, tana jiran muryarka. Ƙishirwa ta kai ta tankin ruwan jirgi, aka harbe ta. A tsaye ta mutu, ta jingina da ƙafar tanki. Sai na biyo ƙarar ƙararrawata. Wannan yarinyar ita ce mai goge ta kullum, ita na samu."

Maud ba ta jin harshen, amma ta ga fuskar mijinta. "Me ka yi, Mir? Me ka yi?"

"An zalunce ka," in ji Mulla, "amma kai ma ka yi zalunci. Yarinya ba ta ɗora ka ba. In ka ƙi fita zan karanta abin da zai ƙone ka, kuma ka san ba wasa nake ba."

"Ƙone ni. Tare da ita za mu faɗi."

Mirdad ya yi wuf ya tsaya gaban yarinyar. "Hushta! Sauka, baƙo, mun iso!"

"Mun iso ina? Nan zango ne? A Zangon Dabino mutanena suke. Can aka ce za a kai ni, can zan sauka."

Zangon Dabino tafiya ce da raƙumi ma yakan kwana a hanya. Mulla ya shafa gemu.

"Jirgi yana tsayawa can ya sha ruwa. A sa yarinyar a tarago."

"Ƙarfe a ƙasa, ƙarfe a sama, wuta a gaba? Ba na hawan ƙarfe."

"Doki fa?"

"Ba zai ɗauke ni ba, zai haukace. Ku kawo raƙumi."

 Duk unguwar masu raƙuma babu raƙumi ko ɗaya. Wasu an sayar, wasu an sake su, wasu an harbe. Wannan abin kunya ya zauna a tsakar gidan tare da mu, babu mai iya ɗaga kai.

Duhu ya fara rufe duwatsu. Mirdad ya dubi ƙafafun 'yarsa, ya dubi jinin da ya bushe tsakanin yatsunta. Fushinsa bai tafi ba, sai dai a karo na farko ya rasa wanda zai ɗora wa. Ya je ƙofa ya tsinko ƙararrawar, ya rataya a wuyansa. Ya kwance rawaninsa, ya ninka, ya ɗora a kafaɗa. Sannan ya juya wa yarinyar baya, ya gurfana a ƙasa, gwiwa da hannu.

"Ni na ɗora ka," ya ce. "Hau."

"Lala, ka san abin da kake yi?" in ji Mulla. Rabon da ya kira shi yaya tun kafin rigimar jirgi.

"Ka sa shi ya yi alkawari kawai."

Mulla ya juya ga yarinyar. "Ka rantse da Ubangijin Annabi Sulaimanu: in an sauke ka, babu kai babu gidan nan, babu kai babu zuriyar Mirdad."

"Na rantse. Shi kuma ba zai zauna ba, ba zai jingina ba, sai mun iso. In ya zauna a hanya, na dawo kanta."

"Na yarda," in ji Mirdad.

Yarinyar ta yi wata doguwar ajiyar zuciya. Gwiwoyinta suka saki, ta zube a jikin uwarta, ta ce da muryarta ta gaske, "Mama, ƙafata." A daidai lokacin Mirdad ya yi nishi, tafin hannunsa ya nitse cikin ƙasa. Ya sha ɗora wa dabba buhu biyu na dutse ba tare da ya tambayi kansa yaya take ji ba. Da ƙyar ya miƙe, bayansa a ranƙwafe, ya fita ba tare da ya waiwaya ba. Muka ji ƙararrawa tana nisa, ɗaya bayan ɗaya.

Babu wata hanya zuwa Zangon Dabino sai gefen dogo, domin a kan sawun raƙumanmu aka shimfiɗa shi. Ita Mirdad ya bi. Gari ya waye masa yana tafiya, rana ta hau kansa. Takalmansa suka yage, tsakuwar dogo ta yanka masa ƙafa, rawanin kafaɗarsa ya jiƙe da jini. Ya yi salla a tsaye da ishara. Inda ya ga inuwar itacen turare gwiwarsa takan roƙe shi, sai ya tuna ƙafar Zarmina ya wuce. Jirgin safe ya zo ta bayansa, direba ya yi masa usur, leburori suka leƙo daga tarago suna ihu, "Kai, tsoho! Ina raƙumin? Ko kai ne?" Hayaƙi ya rufe shi. Bakinsa cike da zagi, amma wuyansa ya kasa ɗagowa, sai ya haɗiye abinsa.

Ya wuce tankin da aka harbe taguwar. Ƙasusuwanta suna nan a gindinsa, farare. Bai tsaya ba, sai dai ya ce mata, "Yafe mini, uwar ayari." Nauyin da ke bayansa ya ɗan gyara zama.

Da wata la'asar ya hango dabinon. Masu raƙuma ne suka tofar da ƙwallayensa a wurin shekaru da yawa da suka wuce, ya tsiro ya girma. Yanzu an kafa tankin ruwa da ɗan ɗakin kwano a gefensa, an share wurin da raƙuma suke kwana an zuba kwal. Mirdad ya ja ƙafa har gindin dabinon. Babu madugun da zai ce masa ya gurfana, sai ya gaya wa kansa.

"Hushta."

Ya faɗi a kan gwiwoyinsa. Leɓɓansa sun tsage, muryar da ƙyar ta fito.

"Sauka, baƙo. Mun iso."

Nauyin ya zame daga bayansa a hankali, kamar yadda mai ladabi yake sauka daga dabbar da ba tasa ba. Ganyen dabino ya motsa. Kusa da kunnensa busasshiyar muryar ta ce, "Sannu da hanya, madugu." Daga nan bai sake jin komai ba. Wannan sannun da ya yi ta jira daga bakin mutane, ga inda ya same ta. Ya kifa goshinsa a ƙasa ya yi kuka mai yawa, sannan ya cire ƙararrawar ya rataye ta a jikin dabinon.

Ya gwada tashi, ƙafafu suka ƙi. A nan jirgin dutse mai komawa gari ya same shi da ya tsaya shan ruwa. Mai gadin jirgin, wani jan Bature mai suna Hegarty, wanda Mirdad ya sha zagin iyayensa daga nesa, ya sauko ya tsaya a kansa.

"Kai ne mai sandar nan na hayin kogi, ko? Me ya kawo ka nan ba takalmi?" Ya miƙa masa gorar shayi. "Tashi in kai ka gida, kafin ungulu su yi maka rajista."

"Na rantse ba zan taka shi ba."

"To kada ka taka." Hegarty ya kira mai zuba kwal, suka ɗauke shi cak, suka ɗora a taragon ƙarshe.

Haka Mirdad ya koma, zaune a kan koren dutsen da ya yi rayuwarsa yana ɗauka, yana kallon hanyar da ta cinye masa ƙafafu tana gudu da baya. Ya ji haushin saurin. Ya fi jin haushin yadda iskar take da daɗi.

Rana tana faɗuwa jirgi ya tsaya a Cloncurry. Aka kwance wasu taragu, ma'aikata suka watse, Hegarty ya tafi kai rahoto. Mirdad ya zauna a inda aka ajiye shi, bayansa a ranƙwafe, kuma haka bayan ya zauna har ƙarshen ransa. Bai san yadda ake sauka daga abin ba, babu kuma wanda ya tuna da shi.

Sai ya ji takun ƙafa a hankali a kan tsakuwa. Zarmina ce, ƙafafunta naɗe da tsumma, ta dafa kafaɗar uwarta. Tun da ta iya tsayuwa take sa a kawo ta tasha kowace yamma. Ta ɗaga kai ta dube shi a can saman taragon ƙarshe, ta miƙa masa hannu.

"Sauka, Baba," ta ce. "Mun iso."